Naira Ashirin da Ƙullin Bula: Yadda Nake Koya wa Yara Tarihin Zanen Duniya

Shekarar da na fara koyar da darasin al'adu da fasaha a wata ƙaramar sakandare da ke cikin birnin Kano, abin da aka yi mini ina ɗalibi shi na yi wa yara. In shiga aji da alli, in ba su baya, in cika allo da sunaye da shekaru. Leonardo da Vinci, 1452 zuwa 1519. Michelangelo, 1475 zuwa 1564. Su kwafa, a kaɗa ƙararrawa, in fita. Da jarrabawar ƙarshen zango ta zo, na tambaye su mece ce Mona Lisa. Wani yaro mai ƙoƙari, wanda ko lissafi bai taɓa kayar da shi ba, ya rubuta mini da kyakkyawan rubutu cewa wani babban birni ne a ƙasar Italiya. Na ɗaga jan biro zan soke, sai hannuna ya tsaya. Wata uku yaron nan yana jin sunan a bakina, ko sau ɗaya ban nuna masa hoton ba. In akwai wanda ya faɗi jarrabawar nan, ni ne.

Tun daga ranar na daina fara darasi da alli. Yanzu, a makon farko na aji ɗaya, hannu nake sa wa a aljihu in zaro naira ashirin. Kowa ya san Janar Murtala Muhammed da ke gaba. Sai in ce su juya bayanta. Matar nan da ta duƙa a kan tukunya, wace ce? Aji ya yi tsit. Yara saba'in da 'yan kai, kullum kuɗin nan na wucewa ta hannunsu wajen mai awara da mai rake, amma da wuya a sami biyu da suka taɓa karanta sunan da ke jikinsa. Ladi Kwali ce, Bagwariya daga garin Kwali, wadda ta koyi ginin tukwane a gida tun tana yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Bature, Michael Cardew, ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. Tulunanta masu zanen ƙadangare da kunama da kifi sun je baje koli har Landan. Ta rasu a 1984.

A kan wannan takardar kuɗi nake kafa musu tambayoyi uku da za mu riƙe har su fita aji uku. Da me aka yi abin nan? Wa ya yi shi, kuma don wa? Yaya aka yi ya iso gabanmu? Duk abin da na kawo musu, na Masar ne ko na Sin ko na Kurmi, ba na faɗin sunansa sai sun yi minti biyu suna kallo, bakinsu a rufe. Ga ɗan shekara goma sha biyu, shirun minti biyu ya fi sharar aji wuya. Amma a nan darasin yake, domin ido nake koyarwa. Shekaru da sunaye suna biyo baya da kansu.

Tafin hannu a jikin dutse

Darasin da ya fi kowanne ɓata wa yara kaya shi ne na zanen kogo, kuma shi suka fi so. Nakan sa su kawo gawayi da jar ƙasa, mu daka a turmin da na aro a maƙwabta, mu tankaɗe, mu dama da ruwa ya yi tsararo. Takarda kuwa, ta tsohon buhun siminti ce muke warewa mu manna a bangon bayan aji. Kowa ya cire ruwan bironsa ya bar bututun. Ka ɗora tafin hannu a takarda, ka ɗebi launi a bututu, ka hura. In ka ɗaga hannu, sai ga siffarsa fes, launi ya kewaye ta.

Bayan sun gama, sai in nuna musu hoton wani kogo a kudancin Ajantina da ake kira Kogon Hannaye, inda ɗaruruwan tafuka irin nasu suka rufe dutse tun dubban shekaru. In gaya musu akwai wani a tsibirin Sulawesi na Indonesiya da masana suka auna ya kai kimanin shekara 40,000. Sai in yi tambaya: mafi yawan hannayen kogon Ajantina na hagu ne, me ya sa? Wata shekara, wata 'yar ƙaramar yarinya da ba ta cika magana ba ta waiwaya ta dubi bangonmu, ta dubi hannunta da ya yi dumu-dumu da gawayi, ta ce, “Malam, ai mu ma duk hagu muka sa. Da dama muka riƙe biron.” Abin da masana suka ce ke nan. Ba a littafi ta karanta ba, hannunta ne ya gaya mata.

Daga nan ne muke zuwa kogon Lascaux na Faransa, mai zanen dawakai da bijimai na kimanin shekara 17,000. Abin da ke ɗaukar hankalinsu shi ne waɗanda suka gano shi a 1940 samari ne huɗu, wasunsu sa'o'in 'yan aji uku, suna yawo da karensu. Sai kuma in dawo da su gida, kada su zaci sai a Turai ake da irin wannan. A Birnin Kudu ta jihar Jigawa akwai zanen shanu a jikin duwatsu. A Dabous, arewa da Agadas, an sassaƙa raƙuman dawa biyu a kan dutse, babban ya haura mita biyar, shaidar cewa wurin da yau yake hamada ya taɓa zama dausayi.

Na lura yara suna son labarin yadda aka tsinci abu, kuma kusan kullum talaka ne ya tsinta. Masu haƙar kuza ne suka fara tono mutum-mutumin yumɓu kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna a 1928. Wani kan da aka samu a yankin Jama'a, sai da ya yi zaman gadin gonar doya yana korar tsuntsaye kafin ya isa hannun wani Bature, Bernard Fagg, wanda ya gane tsohon abu ne, ya kuma kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Kawunan tagulla na Ife, masu haƙar harsashin gida ne suka ci karo da su a 1938. A ƙasar Sin, manoma ne ke haƙar rijiya kusa da birnin Xi'an a 1974, suka faɗa kan rundunar sojojin yumɓu, dubbai, kowanne tsayin mutum, da aka binne don gadin kabarin sarkin da ya fara haɗe ƙasar. Nakan ajiye hoton kan Nok kusa da na sojan Sin, in ce yumɓu ne duka, wuta ce ta gasa duka, ku nemo mini bambanci biyar. Kafin a tashi sun nemo goma.

“Wannan bai iya zane ba”

Ba a taɓa shekarar da na nuna zanen bangon kaburburan Masar wani bai ɗaga murya ya ce mai zanen bai iya ba. Fuska ta juya gefe, ido yana kallonka kai tsaye, kafaɗu sun fuskanto ka, ƙafafu kuma sun nufi gefe. Sai in kira mai maganar gaban aji, in ce ya tsaya haka. Ya murɗe, ya karkace, aji ya kwashe da dariya. Sannan in ce, to, mutanen da suka gina dala, suka jera duwatsu ba tare da kuskure ba, kuna zaton ido ne ya gagare su? Da gangan suka yi. Kowace gaɓa suna zana ta ta fuskar da aka fi gane ta, don kada wani sashe na mutum ya ɓace. Har ma'auni gare su: sukan ja layuka a bango, su raba tsayin mutum gida goma sha takwas daga tafin ƙafa zuwa goshi. Sarki a zana shi ƙato, bara ɗan ƙarami, ko da baran ne ya fi kusa.

Mako na gaba sai in fitar da su bakin titi, mu tsaya mu dubi turakun lantarki. Na kusa dogo, na nesa gajere, gefen titi biyu kamar za su haɗe a can ƙarshe. Wannan dabarar ta nuna nisa a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda, wani magini ɗan birnin Florence mai suna Brunelleschi ne ya tsara ƙa'idarta a farkon ƙarni na 15. Nakan ƙara musu da cewa ilimin yadda haske ke shiga ido, wanda Turawan wancan zamani suka karanta a fassarar Latin, akwai babban kaso a cikinsa na Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya rubuta Kitab al-Manazir a Alƙahira shekara ɗari huɗu kafin nan. Sai salo na uku, naɗaɗɗen zanen Sinawa. Akwai wani na ƙarni na 12 da ke nuna kasuwa da gada da jiragen ruwa, tsawonsa ya wuce mita biyar, ba a kallonsa gaba ɗaya. Warwarewa ake yi kaɗan-kaɗan daga dama zuwa hagu, kamar mai tafiya a gefen kogi.

Ɗan Masar yana so ka san wane ne. Ɗan Florence yana so ka ji kamar ta taga kake leƙe. Basine yana so ka yi tafiya. In yaro ya fahimci haka, ya daina tambayar wa ya fi iyawa, ya koma tambayar me mai zanen yake nufi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Shuɗi ɗaya, hanyoyi da yawa

In an ce in zaɓi darasi ɗaya in bar sauran, na shuɗi zan ɗauka. Nakan shigo aji da abu uku: ƙyallen turkuɗi mai sheƙi, fasasshen farantin tangaran mai zanen shuɗi, da ƙullin bular wanki.

Turkuɗin na gida ne. Yawancin yarana sun sha wuce marinar Ƙofar Mata a cikin a-daidaita-sahu, ba su taɓa leƙa karofi ba. Sai in ba su labarin baba da toka da ruwa, yadda ake barinsu kwanaki su tsima, da abin mamakin da ke faruwa in an tsamo zane: kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska yake rikiɗa ya zama shuɗi. Daga nan a kai shi mabuga, a yi ta dukansa a kan gungume har ya ɗauki ƙyalli. Da wani Bature matafiyi, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya tarar rinannen tufafin ƙasar nan yana ratsa hamada har Tambutu da Tarabulus. Irin wannan rinin na baba ne mutanen Maya na ƙasar Meziko suka gauraya da wani yumɓu, suka sami shuɗin da har yau bai koɗe ba a bangayensu. Ba su san da Kano ba, Kano ba ta san da su ba.

Tangaran kuwa labarin fatauci ne. A ƙarni na 14, maginan Sin suna da farin yumɓun da babu kamarsa, amma ma'adinin da ke ba su shuɗi mai kyau daga Farisa ake kawo shi. A yi faranti a Sin da launin Farisa, a mayar da shi kasuwannin Musulmi a sayar.

Sai bula. Nakan riƙe ƙullin a sama in tambaya nawa ake sayar da shi a unguwa. Su faɗa, ana dariya. Sai in nuna musu hoton yarinyar nan mai ɗan kunnen lu'ulu'u da ɗaurin kai shuɗi, wanda Vermeer ɗan ƙasar Holan ya zana wajejen 1665. Shuɗin ɗaurin kan nan daga wani dutse aka niƙo shi, wanda ake haƙowa a tsaunukan Badakshan na Afganistan, a ɗoro wa raƙuma, a sa a jirgin ruwa, har Turai. Akwai zamanin da tsadarsa ke gogayya da zinariya, shi ya sa masu zanen coci suke keɓe shi ga mayafin Nana Maryamu. Sai a shekarun 1820 masana haɗa sinadarai a Faransa da Jamus suka gano yadda za a dafa irinsa a masana'anta, farashi ya faɗi warwas. Launin da attajiran Turai ke ƙulla yarjejeniya a kansa, shi ne iyayenku mata ke jiƙawa a bokiti ranar Lahadi don farar rigar makaranta ta yi haske. A nan ajin kan yi shiru na gaske, kowa ya sunkuya yana duban rigarsa.

Nakan rufe da hoton igiyar ruwan Hokusai, tsohon nan ɗan Japan da ya fitar da ita wajejen 1831 yana da shekara saba'in da ɗoriya. A jikin katako aka sassaƙa ta, ana bugawa ɗaruruwa ana sayarwa da araha, da wani sabon shuɗi da aka fara haɗawa a Berlin. A 2024 Japan ta sa ta a bayan takardar yen 1,000. Yaran da kansu suke cewa, ashe su ma suna da Ladi Kwalinsu.

Ranar da Alhaji ya zo

Ba kullum ake kwana a gado ba. Wata safiya aka kira ni ofishin shugaban makaranta, na tarar da wani dattijo, mahaifin ɗaya daga cikin ɗalibaina, ransa a ɓace. Bayan mun gaisa ya ce, “Malam, an ce gumaka kake koya wa 'ya'yanmu.” Na ce, “Allah ya ƙara girma, Alhaji, ina neman alfarmar ka zauna mini a aji na minti arba'in.” Ya yarda.

Laifina ne a wani ɓangare, domin na yi makonni ina nuna kawunan Nok da na Ife ban taɓa bayyana wa yaran bambancin sanin tarihin abu da girmama shi ba, ban kuma sanar da iyaye abin da ke cikin manhaja ba. Ranar, darasin fadar Alhambra muka yi, wadda sarakunan Musulmi suka gina a Garnaɗa ta Andalus, mafi yawanta a ƙarni na 14. Kowa ya fito da kamfas da rula. Da'ira ɗaya, murabba'i biyu ɗaya a kan ɗaya, sai ga tauraro mai tsini takwas. Muka jera na kowa a ƙasa, gefe da gefe, suka haɗe suka zama shimfiɗa ɗaya. Na kawo allon zayyana irin na saukar karatu, da babbar riga mai aska takwas, da hoton bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, na ce su nemo inda lissafin ya yi kama.

Alhaji bai ce ya sauya ra'ayi a kan mutum-mutumi ba, ni ma ban nema ba. Mun rabu a kan ba zan sa ɗansa ya gina siffar mai rai ba, kuma haka nake yi wa duk yaron da gidansu ba sa so: in ana aikin yumɓu, ya gina tulu ko kasko. Amma da zai fita, ya tsaya a gaban rigar, ya ce mahaifinsa maɗinki ne a Soron Ɗinki, ya nuna wa yara sunan wani ɗinki da ni ban sani ba.

Abin da waya ba ta nunawa

Ba mu da majigi, wuta ma sai ta ga dama. Abin da nake da shi waya ce, da hotunan da nake bugawa da kuɗina in liƙa a kwali. Babbar illar waya ita ce komai girmansa ɗaya a cikinta. Don haka nakan ɗauki tef ɗin awo. Mona Lisa santimita 77 ce a tsaye, 53 a kwance, ba ta kai rabin tagar ajinmu ba. Guernica, wanda Picasso ya zana a 1937 bayan jiragen yaƙi sun yi wa wani gari na Sifaniya ruwan bama-bamai, faɗinsa ya kusa mita takwas. Wannan sai mun fita fili mun shata shi da toka. Raƙumin dawan Dabous ma haka, yara huɗu ke kwanciya kai da ƙafa kafin su kai tsawonsa.

'Yan aji uku kuwa, gardama ce abincinsu, sai in ba su wadda ta cancanta. A 1897 sojojin Ingila suka ci birnin Benin da yaƙi, suka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa, aka watsa su gidajen tarihi na Turai da Amurka. A 2022 Jamus ta amince ta mallaka wa Nijeriya fiye da dubu ɗaya da ke hannunta. In raba aji biyu: a dawo da su duka, ko a bar wasu inda duniya ke ganinsu? Ba na yanke hukunci. Sharaɗina ɗaya ne, duk wanda zai yi magana ya fara da bayyana abin da ke jikin hoton allon tagullar Benin da ke gabansa. Wannan ita ce tambayarmu ta uku, yaya aka yi abu ya isa inda yake, kuma amsarta ba kullum take da daɗi ba.

Jarrabawata ta ƙarshe ba a takarda take ba. Kowa ya ɗauko abu ɗaya daga gida, ya tsaya gaban aji ya amsa tambayoyin nan uku. An kawo mini faifai, da ƙwarya mai sassaƙa, da hular zanna, da kwanon jeren kaka. Bara wata yarinya ta zo da zanen atamfar mahaifiyarta. Ta ce auduga ce, an yi zanen da kakin zuma da rini. Ta ce ta tambayi kawunta da ke Kantin Kwari dalilin da ake ce wa wata atamfa holan, wata kuma java, ya ce shi dai haka ya taras. Sai ta bi diddigi da wayar yayanta, ta gano dabarar ta mutanen tsibirin Java ce, Turawan Holan da suka mallake su suka kwaikwaya da inji, kasuwar ta fi karɓuwa a Afirka ta Yamma, har muka mai da ita tamu, muna sa ta a lefe.

Na tambaye ta, to, wa ya yi ta, kuma don wa? Ta juya zanen, ta duba bakinsa, ta ce sunan kamfani kawai aka rubuta, ba a sa sunan wanda ya zana furen ba. Ta ɗan yi jim, sannan ta ce, “Malam, amma dai wani ne ya zauna ya zana, ko?”

Na ba ta maki cikakke, na kira na gaba.